Unguwar Tasha da Makabartarta: Cuta da Mutuwa a Ƙarshen Layin Dogo

Layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Gyaɗa da auduga da fatu ne suka jawo shi, domin kayan ƙasar Zurmi da na kasuwar Shinkafi su sami hanyar zuwa Legas. Da kayan nan kuwa mutane suka zo: akawu, birkila, ma'aikacin jirgi, ɗan kamasho, Yarabawa da Ibo da Hausawan wasu garuruwa. Suka zauna a gefen tsohon gari, a irin unguwar da muke kira Sabon Gari. Akwai masu bi a cikinsu, saboda haka tarihin ikkilisiya a wannan yanki ba ya rabuwa da tarihin lafiyar unguwar tasha.

Ba a Ƙaura aka ƙirƙiro tsarin ba. Daga Kano da Zariya aka gaje shi, inda jirgi ya riga ya isa tun 1911. Bayan da Ronald Ross ya tabbatar a 1897 cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, likitocin Turawan mulki suka yanke cewa kāriyar Bature ita ce ya nisanci baƙar fata, musamman yara, waɗanda suke ɗauka a matsayin rumbun cutar. A zamanin Lugga, da dokar garuruwa ta 1917, aka tsayar da ƙa'idar barin fili na yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Mu lura da kyau: an san abin da ke kawo cutar, amma aka yi amfani da sanin wajen ja da baya, ba wajen cike kududdufai a inda jama'a suke ba. Abin da mazauna Sabon Gari suka samu shi ne duba-gari, mai leƙa randa da tulu yana neman tsutsar sauro, ya ci tarar matar gida. Ɗakunan haya a cunkushe, rijiya kusa da masai, bokitin bahaya yana jiran mai kwasa da dare. Gudawa da zazzaɓi da ƙyanda suka yi ta ɗibar ƙananan yara, ba tare da an kira abin annoba ba, domin kullum ne.

Annoba mai suna kuwa ta zo. Murar 1918 ta sauka Legas daga jirgin ruwa a watan Satumba, ta bi layin dogo zuwa Arewa cikin 'yan makonni, kuma an ƙiyasta ta kashe mutum wajen dubu 500 a Nijeriya. Amma cutar da ta fi zama tamu ita ce sanƙarau. An rubuta ɓarkewarta a Arewa tun 1905, sannan daga 1921 ta yi mummunar ɓarna a Lardin Sakkwato, wanda Ƙaura da Shinkafi da Zurmi suke cikinsa. Lokacinta sananne ne: ta taso da hunturu da ƙura, ta yi ƙamari da bazara, ta lafa da saukar damina. Busasshiyar iska tana raunana hanci da maƙogwaro, mutane kuma suna kwana da yawa a ɗaki guda a rufe, ƙwayar cutar ta bi numfashi. Babu magani mai ƙarfi sai a ƙarshen shekarun 1930, da aka sami ƙwayoyin salfa irin su M&B 693. Kafin nan, abin da dattijon ikkilisiya yake iya yi bai wuce ya zauna da mai jinya, ya yi addu'a, ya nemi masu haƙa kabari ba.

'Yan mishan ba su da hannu sosai a wannan zamani, gama gwamnati ta taƙaita musu shiga ƙasashen sarakuna. Kuturta ce ta buɗe ƙofa, sa'ad da aka danƙa wa SIM zangon kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, a ƙarshen shekarun 1930. Wato masu bi na Sabon Gari sun daɗe suna binne 'ya'yansu kafin asibitin mishan ya zo kusa. Mukan manta da su idan muna ba da tarihi, mu fara daga ranar da Bature ya iso.

Tambayar da almajirai suka yi game da makaho a Yohanna sura 9, ko zunubin wane ne, ita ce ake yi a kowace annoba, kuma mun ji ta da kunnenmu a 2017, har daga bakin manya, sa'ad da aka danganta sanƙarau da zunuban jama'a. Wannan ɓarkewar a ƙaramar hukumar Zurmi aka fara ganinta, a ƙarshen 2016. Kafin ta lafa an lissafta fiye da mutum dubu 14 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da dubu ɗaya suka mutu, yawancinsu yara. Allurar da aka yi wa jama'a a shekarun baya ta nau'in A ce, wanda ya zo kuwa nau'in C ne.