Yadda Taba Ke Raunana Yawu da Kariyar Baki

Yawu shi ne mai gadin baki na farko. Taba kuwa, ko ta sha ce ko ta tsotso, tana rage masa ƙarfi a hankali, kuma tana ɓoye alamar da ya kamata ta sa mutum ya farga da wuri.

Inda yawu ke fitowa

Baligi lafiyayye yana samar da yawu tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kowace rana. Mafi yawansa yana fitowa daga manyan maɓuɓɓugai guda 6, uku a kowane gefe: ɗaya gaban kunne, wadda take kumbura idan yaro ya kamu da hangum, ɗaya ƙarƙashin muƙamuƙi, ɗaya ƙarƙashin harshe. Kusan kashi 99 cikin 100 na yawu ruwa ne, amma ɗan abin da ya rage shi ke ɗauke da kariyar.

Aikin yawu

Yawu yana wanke ragowar abinci. Yana kuma kashe tsamin da ƙwayoyin cuta ke samarwa daga sukari, domin idan tsamin ya kai ma'aunin 5.5 ko ya sauka ƙasa da haka, bawon haƙori yakan fara narkewa. Sannan yana mayar wa haƙori sinadaran kalsiyam da fosfet da ya rasa. A cikinsa akwai laisozim, wanda Alexander Fleming ya gano a 1922, mai fasa jikin wasu ƙwayoyin cuta. Da laktoferin mai riƙe sinadarin ƙarfen da suke buƙata don su hayayyafa. Da garkuwar IgA mai hana su manne wa fatar baki. Yawu yana raguwa sosai lokacin barci, shi ya sa baki ke wari da asuba.

Abin da hayaƙi ke yi

Hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kuma kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna jawo ciwon daji. Yawu ne ruwan jiki na farko da suke haɗuwa da shi. Sabon mashayi yakan ga yawunsa ya ƙaru, amma da tafiya ta yi nisa mashaya da yawa suna fama da bushewar baki da yawu mai kauri. Wasu sinadaran hayaƙin suna lalata masu kariyar da ke cikin yawun, don haka ƙwayoyin cuta da fumfuna ke samun wurin zama. Sakamakon shi ne warin baki, da kogon haƙori, da ciwon dasashi. Shisha ma ba ta kuɓuta ba, domin ruwan da hayaƙin ke bi bai tace yawancin gubarsa.

Cutar da ke ɓoye kanta

Jini a kan asuwaki ko buroshi shi ne gargaɗin farko na ciwon dasashi. Nikotin yana matse ƙananan jijiyoyin jini, saboda haka dasashin mashayi ba ya yawan zubar da jini ko da cutar tana cin ƙashin da ke riƙe haƙori. Mutum sai ya ɗauka lafiya lau yake har haƙora su fara girgiɗi. A tsarin rarraba ciwon dasashi da likitocin haƙori na duniya suka amince da shi a 2017, shan kara 10 ko fiye a rana yana sanya majinyaci a rukunin da cutarsa ke saurin gudu. Ramin haƙorin da aka cire ma yakan jima bai warke ba a bakin mashayi.

Tabar tsotso da kanwa

A Nijar da Chadi da arewacin Najeriya ana haɗa garin taba da kanwa a cusa tsakanin leɓe da dasashi. A Sudan ana kiran irin wannan haɗin tumbak, kuma yana cikin tabobin da aka samu da mafi yawan sinadaran naitrosamin masu jawo ciwon daji. Kanwa tana sa nikotin ya fi saurin ratsa fatar baki, yawu kuma ya narkar da gubar ya jiƙa wuri ɗaya da ita. Daga nan dasashi ke janyewa, farin tabo ya fito inda aka saba ajiye tabar.

Abin da ya kamata a yi

Bari shi ne magani. Wanda ya daina kada ya tsorata idan dasashinsa ya fara jini a makonnin farko, jini ne ya dawo yana gudu yadda ya kamata. A yawaita shan ruwa, a goge haƙora da man goge baki mai fuloraid safe da dare, a rage shayi mai sukari da alewa. Gyambo, ko fari ko jan tabo, ko kumburi a baki da ya wuce mako 2 bai warke ba, a kai shi ga likita ba tare da jinkiri ba. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.