Rediyon Kaduna da Sauyin Matsayin Mawaƙin Hausa

Kafin zuwan rediyo, mawaƙin fada yakan dogara ne ga ubangida guda, watau sarki ko hakimi. Wanda bai kusanci fada ba, da wuya ya ji muryar irin su Ibrahim Narambaɗa. Wannan tsari ya soma sauyawa sosai a shekarar 1962, sa'ad da Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa gidan rediyo da talabijin a Kaduna, wanda ɓangarensa na rediyo ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1978.

Shirin Zaɓi Sonka shi ne babban misali. Mai sauraro yakan aiko da wasiƙa, ya zaɓi waƙa, ya gai da 'yan'uwa da abokan arziki. Ta haka ma'aikacin masaƙa a Kakuri, da manomi a Kamazou da sauran ƙauyukan kudancin kogin Kaduna, suka sami ikon da a dā sai masu sarauta: su ce ga waƙar da za a sa, a kuwa sa ta. Mawaƙa irin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos suka yi farin jini har ƙasar Nijar da Gana.

Dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo, sababbin waƙoƙi suka yawaita. Amma Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Ɗan Maraya a 2015. Faya-fayan waƙoƙinsu da na hirarrakin da aka yi da su sun zama kundin tarihi, kuma zaren kaset ba ya jure zafi da damshi. Wanda duk ya lalace kafin a kwafe shi, ba mai sake rera shi.