Matsayin Tiyata a Maganin Gyambon Ƙafa Mai Nasaba da Lalacewar Jijiyoyin Jini

Gyambon da ke fitowa a saman idon sawu ta gefen ciki yawanci daga jijiya yake samo asali. Jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya suna da 'yan ƙofofi masu hana shi komawa ƙasa. Idan ƙofofin nan suka saki, sai jini ya taru, ƙafa ta kumbura, fatar ƙwauri ta yi duhu ta yi tauri, har ɗan ƙarzane ya zama miki mai tsiyayar ruwa wata da watanni. An daɗe ana dogaro da bandeji mai matsewa, a bar tiyata sai an rasa yadda za a yi. Wannan maƙala tana ganin jinkirin nan ba shi da madafa a hujjojin da ke hannu.

Masu goyon bayan jira sukan kafa hujja da binciken ESCHAR da aka yi a Ingila kan majinyata 500, wanda mujallar Lancet ta wallafa a 2004. Gaskiya ne bayan mako 24 warkewa ta zo daidai, kashi 65 cikin ɗari, ko an cire jijiyar saman da ta lalace ko ba a cire ba. Sai dai cikin shekara guda gyambon ya dawo wa kashi 28 na waɗanda aka yi wa ɗauri kaɗai, alhali kashi 12 ne kawai a ɓangaren tiyata. Bayan shekara huɗu ya kai 56 da 31. Ga mai fama da warin miki da ɗingishi, dawowar ita ce babbar masifa. Binciken EVRA na 2018, kan mutum 450 a cibiyoyi 20, ya amsa ɗaya tambayar, wato saurin warkewa. Da aka toshe jijiyar saman daga cikinta, da zafi ko da allurar kumfa, cikin mako biyu, rabin majinyatan sun warke cikin kwana 56, waɗanda aka jinkirta wa kuwa sai da suka kai 82.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan nauyi. EVRA ya ɗauki gyambon da bai wuce wata shida ba, don haka ba a ɗora sakamakonsa kai tsaye kan tsohon gyambo na shekaru. Idan kuma gudan jini ya taɓa toshe jijiyoyin can ciki, gyaran na sama ba zai kawar da matsin jinin gaba ɗaya ba. A ƙasar Hausa ma gyambon sikila yakan fito a wuri guda, kuma tushensa daban ne. Wannan duka yana wajabta tantancewa tun da wuri: sikanin jijiyoyi, da kwatanta matsin jinin idon sawu da na hannu, domin idan ma'aunin ya gaza 0.8 ɗauri mai ƙarfi na iya cutar da ƙafar. A binciken biyu babu wanda aka cire wa bandeji. Tiyatar ƙari ce a kansa, kuma ana ci gaba da safa mai matsewa bayan mikin ya rufe.