Bado: yadda furen tabki yake haihuwa a ƙarƙashin ruwa

Bado, wanda masana ke kira Nymphaea lotus, tsiro ne da ke rufe tabkuna da ganyensa masu faɗi idan damana ta yi nisa. Farin furensa yana buɗewa da dare, ya rufe da hantsi.

A daren farko ɓangaren mace ne kaɗai ke shirye. Wasu ƙwari dangin buzuzu suna shiga ciki ɗauke da garin wani fure. Sai a dararen da ke biye ne furen yake sakin nasa garin, abin da ke rage yiwuwar ya yi wa kansa barbara. Da an gama, karan furen yana lanƙwashewa ya ja shi ƙarƙashin ruwa, can ɗan yake nuna.

Abin da ya ja hankalin masana yana cikin ƙwayar irin. A yawancin tsirrai masu fure, jakar da ke riƙe da ƙwan mace tana da ƙwayoyin halitta 7. A dangin bado 4 ne kawai. Ana barbara biyu a cikinta: ɗaya ta ba da ɗan tsiro, ɗaya kuma ta ba da naman da ke ciyar da shi. A gero da masara wannan nama yana gadon kashi biyu daga uwa, ɗaya daga uba, kuma shi ne garin da muke tuƙa tuwo da shi. A dangin bado kashi ɗaya ne daga kowane ɓangare, kamar yadda wani bincike da aka wallafa a 2002 ya nuna, kuma naman ɗan ƙarami ne. Guzurin ɗan tsiron yana cikin wani nama na uwa zalla, mai cike da sitaci. Shi ne abin da mutanen karkara ke ci idan sun tattara ƴaƴan bado a lokacin ƙarancin hatsi.

Idan ɗan ya nuna yana fashewa. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da wata riga mai riƙe iska, sai ta yi ta yawo a kan ruwa har rigar ta ruɓe, ta nutse cikin laka. Nan take jiran wata damanar ko da tabkin ya ƙafe. Tabkin da yashi ya cike har yake ƙafewa kafin ƴaƴan su nuna kuwa, ba ya samun sabon iri a wannan shekarar, sai dai ya dogara ga saiwoyin da suka rage a laka.