Basiliyus na Kaisariya da Shekarar da Aka Kulle Rumbuna

Mu da muka tashi a ƙasashen da damina kan yi gardama, mun san abin da ake nufi idan aka ce hatsi ya ɓuya. Ba ƙarewa yake yi ba, shiga rumbun mai kuɗi yake yi, ya zauna har farashi ya ninka. Irin wannan ne ya faru a Kaisariya ta yankin Kapadokiya, garin da ake kira Kayseri a Turkiyya ta yau, wajen shekarar 369 miladiyya.

Fari ya ƙone gonaki, kuma garin yana can tsakiyar tudu, nesa da teku, babu jirgin ruwan da zai kawo alkama daga waje. Attajiran da ke da hatsi suka rufe rumbunansu suna jiran tsada. A lokacin Basiliyus bai zama bishop ba tukuna, malamin coci ne kawai, ɗan gidan masu hali. Ya fara da wa'azi. Ya ɗauko misalin nan na Linjilar Luka, sura ta 12, na mai arzikin da ya yi niyyar rushe rumbunansa ya gina manya, ya karanta shi a gaban mutanen da misalin ya yi wa daidai. Hujjarsa ita ce abincin da mutum ya ɓoye bayan ya ƙoshi haƙƙin mai yunwa ne, kuma hana shi ɗaya yake da sata.

Da a wa'azi ya tsaya, da ba mu ba shi wannan fili ba. Ya sayar da gadonsa ya sayi abinci, ya sa aka girka manyan tukwane, shi kansa ya ɗaura ɗamara yana rabo. Ƙanensa, Giregori na Nisa, ya shaida cewa har 'ya'yan Yahudawan garin sun ci daga wannan tuwo.

Da ya zama bishop a 370, sai ya gina wata unguwa a bayan gari, da masaukin baƙi, da wurin jinya, da ɗakunan kutare waɗanda a da ake kora daga ƙofar birni. Abokinsa Giregori na Naziyanzus ya kira ta sabon birni, mutane kuma suka riƙa kiranta da sunan Basiliyus.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne bai ɗauki duniya a matsayin ta masu gaskiya ba. Ya san akwai mai ɓoye hatsi, ya kuma san akwai mai ƙaryar yunwa. A wata wasiƙa da aka rubuta a kan koyarwarsa, an ce ana buƙatar gogewa kafin a bambance mabuƙaci na haƙiƙa da mai roƙon kwaɗayi, don haka gara a danƙa sadaka ga wanda aka ɗora wa rabonta. Wasu za su ga tsauri a nan. Mu dai muna ganin mutum ne da ya ƙi barin mayaudara su zama uzurin rufe hannu, sai ya tsara yadda abincin zai kai bakin mai shi.

Basiliyus ya rasu wajen 379, bai cika shekara hamsin ba. Unguwar tasa ta ci gaba da karɓar marasa lafiya shekaru masu yawa bayansa.