Abin Da Ƙafar Kan Jirgi Take Faɗa Game Da Reluwen Arewa

Duk mai son sanin nufin da aka gina reluwe dominsa, to ya dubi ƙafar kan jirgi.

A shekarar 1893 hukumar reluwe ta Furushiya, a ƙasar Jamus, ta fara aiki da wani kan jirgi mai tururi da ake kira S 3. Ƙafafunsa masu ja huɗu ne, tsayin kowace inci 78, domin doguwar ƙafa ita ke cin tafiya mai yawa a juyi ɗaya. An ƙera fiye da 1,000, aikinsu kai fasinja da hanzari.

Mu kuwa ba haka aka tsara mana ba. Dogon da aka fara daga Baro a 1907, ya iso Kano a 1911, faɗinsa inci 42 ne kacal, kuma da tsimi aka shimfiɗa shi. Abin da ya dace da irinsa shi ne kai mai gajerun ƙafafu da yawa, don nauyi ya rarrabu, ja kuma ya yi ƙarfi. Waɗanda aka kawo daga Ingila a 1948, aka laƙaba musu sunayen koguna, ƙafafu takwas ke ja, kowace inci 48. Ai buhun gyaɗa ba ya gaggawa, haka ma auduga da kuza.

Saboda kayan nan ne dogo ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya tsaya. Ƙasar Zuru kuwa, har Sakaba, ba ta taɓa jin kukan jirgi ba.