Laimar sauka daga sama: Yadda ake zaɓen ta da yadda ake gwada ta

A duk lokacin da aka ji labarin mutuwar mai wasan tsalle daga jirgin sama, abin da ke fara zuwa a ran jama'a shi ne laima ta ƙi buɗewa. Sai dai rahotannin shekara-shekara na Ƙungiyar Masu Sauka da Laima ta Amurka, wato USPA, sun daɗe suna nuna cewa da yawa daga cikin mamatan laimarsu ta buɗe lafiya lau, wajen sarrafa ta da isowa ƙasa ne ajali ya same su. Shi ya sa masana wasan ke ɗaukar zaɓen rumfar laima da gwada ta a matsayin tushen tsira.

Wasan iri biyu ne. Na farko shi ne tsalle daga jirgi, galibi daga nisan kusan mita 4,000, inda mutum zai yi kamar minti ɗaya yana faɗowa da gudun kusan kilomita 200 a sa'a kafin ya buɗe laima. Na biyu shi ne wanda ake kira BASE, sunan da aka haɗa daga haruffan farko na kalmomin Ingilishi huɗu masu nufin dogon gini, da turken sadarwa, da gada, da tsauni. Tazarar haɗarinsu mai faɗi ce. A shekarar 2023 USPA ta ƙiyasta tsalle miliyan 3.65 daga jirgi a Amurka, mutum 10 suka mutu. A tsaunin Kjerag na ƙasar Norway kuwa, binciken likitoci da aka wallafa a 2007 ya ƙirga tsalle 20,850 tsakanin 1995 da 2005, mutum 9 suka mutu, wato ɗaya cikin kowane tsalle 2,317.

Daga laimar siliki zuwa fiffike

A ranar 22 ga Oktoba, 1797, wani Bafaranshe mai suna André-Jacques Garnerin ya tashi da balan-balan mai ɗaukar mutum a birnin Faris, ya yanke igiyar da ta haɗa shi da ita, ya sauko ƙarƙashin laimar siliki mai siffar ƙwarya. A 1919 Leslie Irvin ya yi tsalle daga jirgi a filin McCook da ke Jihar Ohio, ya faɗo kaɗan sannan ya ja igiyar buɗewa da hannunsa. A 1942 Adeline Gray ta zama mutum na farko da ya sauka da laimar nailan, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya yanke wa Amurka hanyar samun siliki.

Duk waɗannan laimomi zagayayyu ne, aikinsu rage gudun faɗuwa kawai, kuma irinsu ne ake zubo sojoji da su har yau. Sauyin ya zo ne daga Domina Jalbert, haifaffen Kanada, wanda ya samu rajistar mallakar ƙirarsa a Amurka a 1966. Rumfarsa yadi ne hawa biyu, sama da ƙasa, an raba tsakaninsu zuwa aljihuna masu buɗaɗɗen baki a gaba. Iska na shiga aljihunan ta kumbura su, sai rumfar ta ɗauki siffar fiffiken jirgi. Tun daga nan mai laima ya koma matuƙi: yana tafiya gaba, yana juyawa da linzami biyu da ke hannuwansa, idan ya kusa taɓa ƙasa kuma ya ja su tare domin ya taka birki.

Lissafin lodi

Kamar yadda ake auna lodin mota da ƙarfinta, haka ake auna nauyin mutum da faɗin rumfa. Masu wasan suna aiki da ma'aunin Amurka ne: nauyi da laba, wadda ba ta kai rabin kilo ba, faɗi kuma da murabba'in ƙafa. Ana haɗa nauyin mutum da na dukkan kayansa, a raba da faɗin rumfar.

A ɗauki mutum mai kilo 75 da kaya mai kilo 12. Jimilla kilo 87 ke nan, kimanin laba 192. Idan ya ɗauki rumfa mai murabba'in ƙafa 230, lodinsa 0.83 ne. A kan mai 190 ya zama 1.0, a kan mai 120 kuma 1.6. Ɗalibai da sababbin hannu ana tsayar da su a ƙasa da 1.0. Gwanayen da ke gasar shafar ƙasa da gudu suna wuce 2.0.

Muhimmancin lissafin shi ne, idan lodi ya ninka biyu gudun rumfa yana ƙaruwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, ƙarfin bugun ƙasa kuma ya ninka biyu. Kuskuren da zai jawo targaɗe a kan babbar rumfa yana iya karya ƙashin baya a kan ƙarama. Bugu da ƙari, ƙaramar rumfa igiyoyinta gajeru ne, saboda haka ta fi saurin amsa linzami ko da lodin iri ɗaya ne. Mutum marar nauyi da ke ƙarƙashin rumfa mai 135 yana cikin haɗarin da ya fi na ƙato ƙarƙashin mai 210, ko da lissafi ya ba su lamba ɗaya. Wuri ma yana da tasiri, domin a kan tudu mai tsawo ko a ranar tsananin zafi iska ba ta da kauri, rumfa takan ƙara gudu. A Faransa da Holan ƙungiyoyin wasan sun ƙayyade girman rumfar da aka yarda mutum ya ɗauka gwargwadon yawan tsallen da ya yi.

Siffa da yadi da igiya

Yawancin rumfuna aljihu bakwai gare su ko tara. Mai bakwai ta fi kusa da murabba'i, tana buɗewa cikin natsuwa, tana sauka a tsaye-tsaye. Mai tara ta fi tsawo daga gefe zuwa gefe, tana tafiya nesa. Akwai kuma masu tsukakken gefe kamar fiffiken shaho, masu juyi da sauri da nutso mai zurfi. Idan igiyoyin irin waɗannan suka murɗe yayin buɗewa, sukan shiga wulwulawa da mutum zuwa ƙasa, shi ya sa ba a ba sabon hannu su.

Yadin duka nailan ne mai saƙar hana yagewa, amma kashi biyu ne. Wanda ake kira F-111 yana barin iska kaɗan ta ratsa shi, yana da sauƙin naɗi, sai dai yana ƙara yoyon iska da tsufa har birkinsa ya yi rauni. Ɗayan, wanda ake kira ZP, an shafe shi da sinadarin da ke toshe ƙofofin saƙar. Ya fi daɗewa da ƙarfinsa, amma yana da santsi wajen naɗi idan sabo ne.

Igiyoyi ma haka. Dacron mai kauri ce, tana miƙewa kaɗan ta sha girgizar buɗewa. Spectra siririya ce mai ƙarfi, amma zafin gogayya yana sa ta tsuke sannu a hankali har daidaiton rumfa ya ɓaci. Vectran da HMA ba sa tsukewa, sai dai sukan ci ba tare da ido ya lura ba, su tsinke. Shi ya sa ake sauya igiyoyi gaba ɗaya bayan tsalle ɗaruruwa. A jikin igiyoyin akwai wani ƙyalle mai zobba huɗu da ake kira silaida, wanda ke riƙe su a tattare ya sauko a hankali, domin kada rumfa ta buɗe farat ɗaya ta ji wa mutum rauni.

Mai tsalle daga jirgi laima biyu yake goyo: babba da ta ko-ta-kwana. Ta ko-ta-kwana yawanci aljihu bakwai ce ta yadin F-111. Ana so girmanta ya isa ta sauke mutum ko da a sume yake, domin akwai na'ura mai buɗe ta da kanta. Irin wadda kamfanin Airtec na Jamus ya fito da ita a 1991, mai suna CYPRES, tana yanke igiyar rufi idan ta ji mutum ya iso kusan mita 225 daga ƙasa yana gudun da ya wuce mita 35 a sakan.

Rumfar BASE

Carl Boenish, wanda ya ɗauki fim ɗin tsalle daga dutsen El Capitan na Amurka a 1978, shi ake ɗauka uban wannan wasa, kuma a cikinsa ya rasu a Norway a 1984. Mai BASE laima ɗaya yake ɗauka, domin babu lokacin buɗe ta biyu. Gadar Perrine da ke Jihar Idaho, inda aka halatta tsalle duk shekara ba tare da neman izini ba, tsayinta mita 148 ne, kuma wanda bai buɗe komai ba zai isa ƙasa cikin kimanin sakan shida.

Saboda haka abin da ake nema ya saɓa da na jirgi. Ana son rumfa babba mai aljihu bakwai, da igiyar Dacron, da lodi kusan 0.7. Mutumin da aka yi misali da shi zai nemi mai murabba'in ƙafa 260 zuwa 280. Ana son ta buɗe da sauri, ta yi tafiya a hankali, ta sauka a ɗan ƙaramin fili tsakanin duwatsu ko bishiyoyi. Wasu ana yi musu kafofi a yadin ƙasa domin iska ta cika su nan take. 'Yar laimar da ake jefawa ta fizgo babbar tana kaiwa inci 32 zuwa 48, kuma gwargwadon gajartar faɗuwa gwargwadon girmanta. A gajeren tsalle ana sauke silaida ko a cire shi, a dogon tsauni kuwa ana barin sa a sama. Wanda ya rikita waɗannan biyu, ko dai rumfa ta makara, ko ta buɗe da ƙarfin da zai illata shi.

Babban abin tsoro shi ne rumfa ta buɗe tana fuskantar dutsen ko ginin da aka baro. Domin haka ake ɗaure linzami da zurfi yayin naɗi, yadda rumfa za ta buɗe tana tafiya sannu, mutum ya samu sakan biyu ko uku na juya ta. Idan ɗaurin ya yi zurfi fiye da kima kuma, sai ta rasa iska ta zube baya.

Matakan gwaji uku

Mataki na farko na masana'anta ne. A Amurka Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Tarayya, FAA, ba ta amincewa da laimar ko-ta-kwana sai ta cika ƙa'idar da ake kira TSO-C23. Ana jefo ta da gunki mai nauyi, a nauyi da gudun da suka zarce iyakar da aka rubuta mata, a ga ko za ta yage. Ana auna lokacin buɗewarta, wanda ga matsakaicin nauyi bai kamata ya wuce sakan uku ba. Ana naɗe ta da igiya a murɗe da gangan, sannan daga baya mutane su gwada ta da jikinsu. Babbar laima da rumfar BASE ba sa ƙarƙashin wannan ƙa'ida. Amanarsu tana kan gwajin kamfani da sunan da ya yi.

Mataki na biyu na ƙwararren mai naɗi ne, wanda ke da takardar shaidar hukuma. Dokar Amurka ta wajabta a warware laimar ko-ta-kwana a duba ta a sake naɗe ta kowane kwana 180, ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba. Mai naɗin yana duba ɗinki da zobba da igiyoyi, ya sa hatimin dalma, ya rubuta kwanan wata a katin da ke cikin jakar. Idan yadi ya tsufa yana iya matse shi da maƙala biyu ya ja da nauyin laba 40 na sakan uku. Kamfanin Performance Designs ya shardanta a mayar masa da laimarsa ta ko-ta-kwana domin awon yoyon iska bayan naɗi 40 ko buɗewa 25. Mai sayen tsohuwar rumfa ma wurin mai naɗi yake fara kai ta, domin rana da yashi da gumi suna cin nailan.

Mataki na uku na mai tsallen ne da kansa. Kamfanoni suna ba da aron rumfa domin gwaji kafin saye. Ana buɗe ta tun daga can sama, a gwada birki sau da yawa, a gano inda take rasa iska, a auna tsayin da take ci a kowane juyi. Kafin mutum ya koma ƙaramar rumfa, ana so ya iya sauke wadda yake da ita kusa da alama, da iska da babu iska, da iskar gefe, ya kuma iya kauce wa abu a kusa da ƙasa ba tare da nutso ba. Ana sauka mataki ɗaya ne, misali daga 210 zuwa 190, kuma ba a sauya girma da siffa a lokaci guda. Sannu ba ta hana zuwa. Rumfar BASE ma daga jirgi ake fara gwada ta, a daidaita ɗaurin linzaminta, kuma masu koyarwa galibi ba sa karɓar wanda bai yi tsalle 150 zuwa 200 daga jirgi ba.

Ga matafiyi

Masu zuwa Dubai ko Afirka ta Kudu sukan ga tallan tsallen goyo, inda ake ɗaure baƙo a gaban malami su sauka da rumfa ɗaya mai murabba'in ƙafa fiye da 300. Baƙo ba ya zaɓen rumfa, amma yana da haƙƙin tambaya. Ya nemi sanin takardar shaidar malamin, da ranar da aka yi wa laimar ko-ta-kwana naɗin ƙarshe, da ko an kunna na'urar buɗewa da kanta. Ya kuma faɗi nauyinsa na gaskiya idan an tambaye shi, domin kayan suna da iyakar da aka gwada su a kai, kuma da wannan lamba ake yin lissafin lodi.